Shirun Mai Kiwon Sauro

Yayana sauro yake kiwo. Shekara ashirin da shida ya yi a kan wannan aiki, kuma har mahaifiyarmu ta koma ga Mahaliccinta ba ta yarda aiki ne ba. In maƙwabta suka tambaye ta inda babban ɗanta yake, sai ta ce, "Yana wajen likitoci," ta yi maza ta canja zance. Mu kuwa a gida Sarkin Sauro muke ce masa, amma a bayan idonsa.

Ni tela ne, kuma shi ya kai ni koyon ɗinki. Yana aji uku a sakandare mahaifinmu ya rasu, sai ya ajiye littafi ya samu aikin shara a wata cibiyar bincike da ke bayan babban asibiti. Shekara biyu yana share baranda yana wanke kwalabe. Wani dattijo mai kula da ɗakin sauro ya lura ba ya fasa kwalba, ba ya gaggawa, ba ya ƙyamar abu, sai ya ja shi a jiki. Da dattijon ya yi ritaya, mabuɗin ɗakin ya koma aljihun Yaya.

Sau ɗaya na taɓa shiga ɗakin nan. Ƙofa biyu ce, ba a buɗe ta ciki sai an rufe ta waje. Ciki ɗumi ne da laima, kamar banɗakin da aka gama wanka da ruwan zafi yanzu-yanzu. Gefe guda kantoci ne jere da fararen farantai masu faɗi, kowanne da ruwa, tsutsotsin sauro suna wutsil-wutsil a ciki, Yaya yana barbaɗa musu garin abincin kifi da bakin cokali. Ɗaya gefen kejuna ne na raga guda shida, kowanne da wata kafa ta yadi da ake zura hannu, an ɗora masa auduga jiƙe da ruwan sikari a sama. Macen sauro ba ta ƙwai sai ta sha jini, don haka akwai zomaye biyu da ake aske wa baya. Ranar da zomayen ke hutu, Yaya ya naɗe hannun riga ya ba da nasa damtsen. Ya ce tun shekara ta uku ya daina jin ƙaiƙayi.

Sauron gidan iri biyu ne. Akwai 'yan waje, waɗanda ake ɗebo tsutsotsinsu a kududdufai da gonaki don a gwada su. Akwai kuma waɗanda Yaya yake kira 'yan gata. Kakannin kakanninsu a ƙwai aka kawo su daga wata ƙasa, manne a jiƙaƙƙiyar takarda, tun kafin ya fara aiki, kuma daga ranar ba su taɓa shaƙar maganin sauro ba. Amfaninsu ke nan. In za a gwada ko magani yana ci har yanzu, sai a shimfiɗa takarda mai magani a cikin bututu, a zuba 'yan gata, a zuba 'yan waje a wani bututun mai irin takardar. Dole 'yan gata su mutu kakaf. In sun mutu, an san takardar ƙalau take, kuma duk ɗan wajen da ya rayu ya nuna maganin ya daina cin irinsa.

Da ya ga ban gane ba, sai ya ce, "Kai da kake ɗinki, in tef ɗinka na awo ya saki, me za ka ɗinka?"

Na ce, "Buhu."

Ya ce, "To su ne tef ɗin gidan nan."

Shekara ashirin da biyu 'yan gata ba su taɓa karyewa a hannunsa ba. An yi ɗauke wuta na makonni, an yi yajin aiki, an yi zafin da ya kashe zomo, suna nan. In baƙi suka zo, Farfesa, shugaban sashen, yakan kawo su har ƙofar ɗakin ya dafa kafaɗar Yaya ya ce, "Ga mutumin da nake barci saboda shi." Yaya ba ya shafa turare, ba ya wanka da sabulu mai ƙamshi, kuma a gidansa ba a kunna maganin sauro, sai dai a shiga gidan sauro. Matarsa takan ce mini, "Duk garin nan kashe sauro ake yi, ni nawa mijin shayar da su yake yi. Ka ga rabo!" Ni kuma in ce, "Matarmu, ki gode wa Allah, ba kowa ke da talakawa dubu goma ba."

Akwai wata farar riga da yake sawa a bakin aiki, doka ce ba ta fita daga ginin. Wata Juma'a ƙusar ɗaya daga cikin kantocin ta kama hannun rigar ta yage shi har gwiwar hannu. Mai kula da kaya ya ce sabuwa sai wata shekarar. Yaya kuwa ba ya iya zama da yagaggen tufafi, ko na barci ne. Ya ninke ta a leda, ya biyo ta shagona.

Na ce, "Ka dawo gobe."

Ya ce, "Goben tela ko ta mutane?"

Na rataye ta a ƙusa bayan keken ɗinki. Asabar ta zo ta wuce ban taɓa ta ba. Da yammacin ranar, da zan rufe, na ga kyankyasai sun fara cin sitacin kayan mutane, sai na fesa gwangwanin maganin ƙwari guda cur, lungu da saƙo, na ja ƙofa na tafi. Lahadi da hantsi na buɗe, wari ya riga ya fita, na ɗinke hannun, ya zo ya karɓa. Ban ce masa komai ba, don ko a raina abin bai zo ba.

Litinin ya sa rigarsa ya fara aiki kamar kullum. Ya zura hannu keji biyar ya canja kofunan ƙwai, ya rage ruwan farantai, bakin hannun rigar yana taɓa ruwan. Kafin ya kai keji na shida aka kira shi ya karɓi abincin zomaye a bakin ƙofa. Da ya dawo wajen azahar, ƙasan kejunan nan biyar ya yi baƙi da gawar sauro. Tsutsotsin kuma sun miƙe a ƙasan ruwa. Ya tsaya yana kallo. Can ya kai hannun rigar hancinsa, ya ji ɗan warin maganin da ya rage.

Abin da ya tsira keji ɗaya ne mai sauro kamar tamanin, sai farantai biyu na kantar sama. Ba ƙarshen duniya ba ne. Da haƙurin wata biyu da sun dawo yadda suke. Abin da ake bukata kawai ya buɗe baki ya ce, "Na fitar da riga, ga abin da ya faru, a dakata." Amma Farfesa ya yi tafiya, kuma nan da kwana goma Uwar Biyu za ta zo karɓar sauro ɗari huɗu.

Uwar Biyu ɗaliba ce mai neman digiri na uku. A shekararta ta farko ta haifi tagwaye, daga nan sunan ya bi ta har Farfesa ma da shi yake kiranta. Ilimin haɗa magunguna ta karanta, kuma bincikenta a kan wani sinadari ne da take fata zai toshe hanyar da jikin sauro ke bi ya narkar da guba, don tsohon maganin gidan sauro ya dawo da ƙarfinsa. Shekara biyu da rabi tana haɗawa tana aunawa, yanzu ta zo gaɓar gwaji. Mace ce mai fara'a, mai saurin tafiya, kullum jakarta da littafin aiki da kayan jarirai a haɗe. Baba take ce wa Yaya.

Talata da sassafe Yaya ya ɗauki ludayi da bokiti ya nufi ramukan masu buga bulo, inda ya saba ɗebo 'yan waje. Jinsi ɗaya ne da 'yan gata, ba idon da zai raba su. Ya ɗebo ya kawo, ya zuba a farantan da ke ɗauke da sunan 'yan gata. Ya ce wa kansa sau ɗaya ne, cike giɓi ne kawai, jinin 'yan gata zai haɗiye nasu. Daga baya ya gaya mini ko a lokacin ya san ƙarya yake wa kansa. Mutumin da ya yi mini misali da tef ai ba a koya masa.

Kwana goma suka cika, ya miƙa mata sauronta cif.

A gwajin farko ta zuba 'yan gata ɗari, casa'in da ɗaya suka mutu. Ƙa'ida ita ce in ba su mutu kusan duka ba, aikin ranar gaba ɗaya an zubar. Ta sake, tamanin da takwas. Ta sake, casa'in. Da Farfesa ya dawo ya duba littafinta, ya ce, "Takardarki ce. Kin yi kuskure wajen sirka maganin." Ta canja sikeli. Ta canja kwalabe. Ta nemo sabon ruwan narkarwa, ta canja safar hannu, ta wanke bututan da hannunta sau uku-uku. Sauro kuwa duk mako biyu sabuwar zuriya ce, jinin yana ƙara cakuɗuwa. A wata na biyar adadin ya sauka tamanin.

Yaya ya yi ƙoƙarin gyarawa a ɓoye. Ya riƙa ware mace ɗaya-ɗaya a kofi yana renon 'ya'yanta daban, ko zai dace da zuriya mai tsabta. Amma ba yadda zai san mai tsabtar sai an gwada, gwajin kuma ba a hannunsa yake ba. Ya daina zama a bencin shagona da yamma. In ya biyo, sai ya ɗaga hannu daga nesa ya wuce. Na ɗauka aiki ne ya yi masa yawa.

Duk Laraba sashen yana taro, ɗalibai su nuna abin da suka samu. Yaya yakan zauna a kujerar baya kusa da ƙofa. A wani taron, Uwar Biyu ta nuna lissafinta, sannan a hankali ta ce, "Ranka ya daɗe, ko za a duba sauron da kansu?"

Farfesa ya yi dariya, ɗakin ya taya shi. Ya ce, "Sauron wa? Zan fara zargin idona kafin in zargi wancan ɗakin. Sirkin da ɗan sakandare yake yi ya gagare ki wata shida, yanzu kuma kin koma neman wanda za ki ɗora wa. In gida ya yi miki yawa, ki faɗa."

Ta sunkuyar da kai. Yaya ma ya sunkuyar da nasa, aka ɗauka kunyar yabo ce.

Bayan an tashi ta same shi a ɗakin sauro. Ta ja kujera ta zauna, ta cire gilashinta tana goge ido da gefen mayafi. Ta ce, "Baba, kai ka ga ɗalibai da yawa sun zo sun wuce. Don Allah ka gaya mini gaskiya. Hannuna ne?"

Ya ba ta baya, yana barbaɗa wa tsutsotsi gari. Ya ce, "Ki dai ƙara kula, 'yata."

Ta ce, "To, Baba. Na gode."

Ya ce mini a duk abin da ya aikata, wannan maganar ce ba ta barinsa. Zuba tsutsotsi sau ɗaya ya yi, cikin firgici. Wannan kuwa yana cikin hankalinsa, ya sami lokacin zaɓen kalmomi.

Akwai wani ɗakin bincike a ƙasar waje da ya yi mata alkawarin gurbin wata shida in ta turo sakamako kafin ƙarshen shekara. Shekara ta ƙare, aka ba wani. Mijinta ya fara cewa karatun nan ya isa haka. Ta koma zuwa har Asabar, da tagwayen, ta shimfiɗa musu zane a baranda tana leƙo su ta taga. Duk da haka ita ce ta lura Yaya ya rame. Ta ce, "Baba, sauron nan sun shanye ka." Ta aro abin awon jini ta ɗaura masa, ta ga ya hau, ta rubuta wa matarsa abin da za a rage masa a abinci. Ya kai takardar gida, amma ya kasa faɗin wadda ta rubuta.

A wata na goma sha ɗaya ta yanke shawara ba tare da sanin Farfesa ba. Tana da ƙawa a wani sashe mai na'urar da ke karanta ƙwayoyin gado. Ta roƙi Yaya ya zaɓo mata 'yan gata hamsin. Da hannunsa ya zaɓo, ya jera su a 'yan kwalabe, ya rubuta lamba. Aka ce sakamako sai nan da kwana goma.

Ranar da la'asar ya shigo shagona ya zauna a kan tarin yadi, abin da bai taɓa yi ba. Ya ce in kashe rediyo. Ya ba ni labarin tun daga hannun riga. Ina ji ya ambaci wari, sai abin ya dawo mini. Na tuna gwangwanin, na tuna ƙusar bayan keke.

Na ce, "Yaya, ni na fesa. Wallahi ban..."

Ya ce, "Na sani tun ranar. Kai shagonka ka fesa. Ni na kawo rigar."

A nan ya kamata in yi abin da ƙani nagari zai yi. Ban yi ba. Na matso na rage murya na ce, "Wa ya gan ka? Sauro magana yake yi? Ka ce raga ce ta huje, ko wani ya bar ƙofa. Saura shekara nawa ka yi ritaya, za ka zubar da sunanka a kan ƙwaro?" Na yi ta kawo hujja, kamar tausayinsa nake ji. Gaskiyar kuwa tsoro nake kada a ce a shagon wane abin ya faro. Yaya ya miƙe. Ya kakkaɓe zare daga wandonsa ya fita.

Sakamako ya fito. Kusan rabin 'yan gatan suna ɗauke da alamar jure magani. Farfesa ya tara mutane ya ce irin wannan yana faruwa ko a manyan ɗakunan bincike na duniya, mace ɗaya in ta shigo ta ƙofa ta isa. Ya dubi Uwar Biyu ya ce, "To, ashe ba hannunki ba ne," iyakar haƙurin da ya ba ta ke nan. Sannan ya juya ga Yaya ya ce kada ya sa abin a ransa, shekara ashirin da biyu ba wasa ba ce. Yaya bai ce uffan ba. Ya tsira, ko ƙaryar da na koya masa bai bukaci yi ba. Da na ji, har hamdala na yi.

Kwana huɗu bayan haka Uwar Biyu ta shigo ɗakin sauro ta rusuna. Ta ce, "Baba, na zo neman gafara. Na zargi aikinka a gaban mutane, na kuma kai sauronka gwaji kamar ban yarda da kai ba. Na san abin ya yi maka ciwo, na ga ko abinci ba ka ci. Ka yafe ni."

Ya ce mini da zagi ta zo da shi, da wataƙila ya iya ci gaba da shiru. Ya ajiye cokalin. Ya ce, "Tashi, don Allah, tashi. Ba ta ƙofa suka shigo ba. Ni na ɗebo su. Ni na zuba."

Ya faɗa mata duka, a tsaye, idonsa a ƙasa. Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta buɗe jaka ta ciro littafin aikinta.

"Wace rana?"

Ya faɗa.

"A ina ka ɗebo?"

"Ramukan masu bulo."

"Kamar nawa?"

"Za su kai ɗari shida."

"Nawa suka rage na asali?"

Ta rubuta komai, ba ta ko dube shi ba. Da ta gama ta rufe littafin ta riƙe shi a ƙirji. Ta ce, "Ranar da na zauna a kujerar can na tambaye ka ko hannuna ne, ka sani?"

Ya ce, "Na sani."

Ta gyaɗa kai. Ta ce, "Malam, kai za ka gaya wa Farfesa, ko ni?"

Ya ce, "Ni."

Daga ranar ba ta sake ce masa Baba ba.

Farfesa bai yi faɗa ba. Ya cire gilashi ya ajiye a tebur, ya daɗe yana murza ido, sannan ya ce, "Maganar riga ai a minti ɗaya zan yafe maka. Ka sa na ci mutuncin yarinya a gaban jama'a saboda na yarda da kai." Aka kafa kwamiti. Bincike ya nuna ba Uwar Biyu kaɗai abin ya shafa ba, wasu ɗalibai biyu sun zubar da rabin aikinsu, kuma wata takarda da sashen ya aika don bugawa dole aka janye ta. A gaban kwamitin Yaya ya ce ya kai rigar wani shago ne, bai faɗi na wa ba. Aka ba shi takardar gargaɗi, aka karɓe mabuɗi. Aka ce a hallaka 'yan gata gaba ɗaya. Ya roƙa a bar shi ya yi da kansa. Ya ɗauki kejunan ɗaya bayan ɗaya ya sa a firjin ƙanƙara, ya tafasa ruwa ya zuba a farantan.

A gida, matarsa ta saurare shi har ƙarshe, ta ce, "Wata goma sha ɗaya muna ci a kwano ɗaya, kana ɗauke da wannan? Har takardarta ka kawo mini ina maka girki da ita?" Da ta ji rawar da na taka, wata guda ba ta amsa gaisuwata ba. Ranar da ta huce, sai ga ta da kayan makarantar yara za a rage musu tsawo. Ta ajiye a kan keke ta ce, "Saura ka fesa musu wani abu." Na yi dariyar dole, ita ba ta yi ba.

An ba Yaya shawarar ya nemi ritaya tun da wuri, ya ƙi. Ya ce ya ɓuya sau ɗaya, ya isa. Aka mayar da shi wanke farantai a famfon bayan gini, aikin da ya fara da shi yana saurayi. Mabuɗin ya koma hannun wata ma'aikaciya da aka kawo daga wani sashe. Wasu suka daina gaishe shi. Direbobi in zai wuce sai ɗaya ya tafa hannu a iska kamar mai kashe sauro, sauran su ƙyalƙyale. Yakan gaishe su ya wuce. Sabon ƙwai sai da ya yi wata bakwai kafin ya iso, kuma da ya iso sauron suka ƙi cin jini. Sabuwar ma'aikaciyar ta riƙa fitowa bayan gini tana tambayarsa, shi kuma yana gaya mata daga bakin famfo: ta rage haske, ta cire ruwan sikari tun safe, ta ɗumama bayan zomon. Bai sake taka ƙofar ciki ba har ya bar aiki, shekara huɗu bayan haka.

Uwar Biyu ta gama, shekara biyu a makare. A littafin digirinta akwai shafin da ta bayyana ranar da aka gauraya sauron da yadda aka yi, ba suna, "wani ma'aikaci" kawai. Wasu suka riƙa cewa ai abin ya zame mata alheri, tunda ta sami babi guda a kan yadda jurewar ke yaɗuwa a cikin keji. Wani ya faɗi haka a gaban Yaya don ya sanyaya masa rai. Ya ce, "Ita ta tsinci abinta a cikin ɓarna. Kada ka ba ni ladan." Babbar 'yarsa ta samo masa kwafin shafin, ya sa ta karanta ta fassara masa sau biyu, ya ninke ya sa a akwati.

Yanzu yana gida. Yana kai jikoki makaranta, yana gyara ragar tagogin maƙwabta in ta huje, ba ya karɓar komai. Ya dawo zaman bencin shagona, amma ya rage magana, kuma in ana hirar wani da ya yi abin kunya a unguwa, ba ya sa baki.

Bara aka kwantar da matarsa a asibiti, sikari ya tashi. Ni da shi muna layin karɓar magani sai ga Uwar Biyu za ta wuce. Yanzu Dakta ce, tana da nata ɗakin binciken a wata jami'a. Na ga Yaya ya juya fuska wajen bango, amma ta riga ta gan shi. Ta tsaya. Ta gaishe shi, ta tambayi wa ba shi da lafiya, ta yi addu'a. Ya nuna ni ya ce ga ƙaninsa nan, ta gaishe ni da mutunci, na amsa ina kallon takalmina. Har yau ba ta san shagon wa ba ne.

Ta yi kamar za ta tafi, sai ta dawo. Ta ce ƙwan sauronta ba ya ƙyanƙyashewa sosai, rabi yake lalacewa, me yake gani? Yaya ya fita daga layi. Ya tambaye ta kwana nawa ƙwan yake yi a takarda, ƙarfe nawa ake kashe fitila, wane ruwa take zubawa. Suka tsaya a gefen baranda kusan minti ashirin, yana kwatanta mata zurfin ruwa da gaɓar ɗan yatsa. Ta yi godiya ta wuce.

Da ya dawo, wurinmu ya tafi, don ni ma na bar layin ina kallonsu. Muka koma can ƙarshe. Na ce, "Yaya, ta yafe?"

Ya ce, "Ban tambaya ba."

Muka matsa gaba kaɗan. Can ya ce, "Ruwan famfo take zuba musu kai tsaye, ba ta barinsa ya kwana. Ina jin shi ne."

Ko ƙwan ya ƙyanƙyashe, ba mu ji ba.